Tambayi Ma'aikaciyar Jinya: Taswirar Kula da Mai Jego

Tambaya: Anti, ina koyon aikin jinya a Jos. An ce mu tsara kulawar mai jego da ta yi ciwon sukari lokacin goyon ciki, kuma da taswirar tunani. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yata, sami farar takarda ki rubuta matar a tsakiya. Kewaye da ita ki sa abin da kika gano: awon sukarinta, abincinta, shayarwa, barcinta, da wanda ke girka mata. Sai ki ja layi tsakanin duk biyun da suka shafi juna, ki rubuta dalilin a kan layin. Nan ne aikin yake.

Ga misali. Da fitar mabiyiya, buƙatar insulin, wato allurar rage sukarin jini, takan ragu sosai, don haka layi zai tashi daga haihuwa zuwa haɗarin faɗuwar sukari idan ba a sake duba maganin ba. Wani layin ya haɗa kunun kanwa da hauhawar sukari, tun da a gidajenmu ana zuba masa sukari ba awo. Ni kam kullum ina sa kaka a taswirar, domin sau da yawa tukunyar jego a hannunta take.

Kada ki manta gwajin shan gulukos giram 75, wato ta sha ruwan sukari a auna jininta, tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa. Ki haɗa shi da zuwanta asibiti na arba'in. Ko ya fito lafiya, ta riƙa sake gwaji duk bayan shekara 1 zuwa 3, saboda haɗarin ciwon sukari nau'i na biyu.