Wata uku bai isa shirya karatun dogon hutu ba

Malam, kana tambaya ko wata uku ya isa a tallata shirin karatu na mako biyu da sashenku zai yi wa ɗaliban digiri na biyu da na uku lokacin dogon hutu. Bai isa ba. Ku buɗe neman gurbi saura wata shida a fara shirin, ku rufe bayan mako shida, kwamiti ya tantance cikin mako biyu, takardun gayyata su fita saura wata huɗu. Amma kada sanarwa ta fita sai kun karɓi amincewa a rubuce daga ofishin ɗakunan kwana da kuma malaman da za su koyar, domin a hutun ne ake gyaran gine-gine, malamai kuma su watse zuwa taruka.

Biza ce ke cin lokaci. Ɗalibin da zai zo daga wata ƙasa, in yana buƙatar biza, yawanci ba zai nemi ta ba sai da takardar gayyata mai ɗauke da sunansa kamar yadda yake a fasfo, da ranakun shirin, da bayanin wanda zai biya masauki. Harafi ɗaya ya kuskure, sai a sake wata takardar. Ku ba kowa kwana goma ya tabbatar da zuwansa, ku ajiye sunayen wasu a layin jira, don ba a rasa masu janyewa, musamman waɗanda kuɗin tafiya ya gagara. In duk mahalartan 'yan cikin ƙasa ne, wata huɗu zai wadatar.