'Yan tsakina suna mutuwa a cikin ƙwai, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Na zuba ƙwai 60 a ƙaramin inkubeta, wato injin ƙyanƙyasar ƙwai, na gida, 14 kawai suka fito. Da na fasa sauran sai na tarar yawanci ɗan tsako ya gama haɗuwa har da gashi amma ya mutu, wasu sun ma huda ɓawon. Guda biyar na taimaka musu na ɓare su da hannu, su ma ba su kwana ba. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Tunda sun haɗu har gashi, to zakaranka ba shi da laifi, matsalar tana kwana ukun ƙarshe ne ko kuma danshi. Fara da ma'aunin zafi, kar ka yarda da lambar da injin ke nunawa, sa wani tamomita daban daidai tsayin ƙwan, in injin mai fanka ne digiri 37.5 na Celsius ake so. Danshi kuma 50 zuwa 55 cikin ɗari har kwana 18, daga nan ka daina juya ƙwan ka ɗaga danshin zuwa 65 ko 70. Masu cika tiren ruwa fal tun ranar farko su ne 'yan tsakinsu ke shaƙewa, don ƙwan bai rage ruwa ba, gurbin iskar da ke gefen mai faɗi bai girma ba. Haska da tocila a kwana 7 da 18 za ka gani da idonka.

Amma maganar ɓarewa da hannu ita ce ta fi damuna, kullum sai na ji ta, kuma wasu da ke kiran kansu masana a bidiyo su suke koya wa mutane, wai ɗan tsako ya gaji a taimaka masa. Wace gajiya? Ɗan tsako in ya huda ɓawo yakan yi awa 12 har 24 bai fito ba, kuma ba zaman banza yake ba, a lokacin ne yake janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, jijiyoyin jinin da ke jikin tantanin cikin ɓawon suna rufewa, huhunsa yana sabawa da iska. Kai kuma ka zo da farce ka yage, jini ya zuba, cibiya a buɗe, ƙwayoyin cuta su shiga, gobe ka ce ƙwan ne ba kyau. Sannan abin da ba a lura da shi, duk buɗe murfin da ka yi don ceto guda ɗaya danshi ya fice, tantanin sauran da suka huda ya bushe ya manne musu a jiki, ba za su iya juyawa su zagaye ɓawon ba. Wato biyar ɗin nan da ka ɓare, ba mamaki su suka jawo mutuwar wasu da dama. Mai sayar maka da wani ruwa wai a fesa ƙwai ya yi laushi ma kuɗinka yake so.

Daga kwana 18 ka rufe injin, ka bar ramukan iska a buɗe, ruwa ka ƙara ta bututu in akwai. Waɗanda suka fito su bushe a ciki, za su iya kwana ba abinci. Ka jira har kwana 23 kafin ka kwashe sauran, ka fasa ka duba ko ruwa ya yi yawa a ciki ko a bushe suke, ka rubuto min.