Ga ɗan'uwan da aka riƙe wa cikon kuɗin aikinsa

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka kuma wallahi raina ya sosu. Ka ce ka gina wa wani manhajar lissafin kayan shago da Laravel (wani tsarin gina manhajar intanet), ka miƙa, yanzu yana ta ja maka rai a kan ciko, kullum da sabon abin da yake so a ƙara, shin ka rufe masa sabar (kwamfutar intanet da manhajar ke zaune a kanta) ne ko ka ci gaba da haƙuri. Abin da ya same ka shi ya same ni, har gara naka.

Nawa wani Alhaji ne mai shagunan yadi. Abokin mahaifina ne ya haɗa mu, don haka da na kawo maganar takarda sai aka ce haba, ai duk gida ne. Ya ba da kafin alƙalami ɗan kaɗan, aka tsaya a kan abu uku: shigar da kaya, fitar da kaya, rasit. Da na nuna masa sai ya ce yaransa ba sa zaman kwamfuta, a waya yake so. Na koma na gina ta waya da Flutter, wani tsarin gina manhajar waya. Sai ya ce cikin kasuwa sabis ba ya kamawa, dole ta yi aiki ko ba data. Duk wanda ya taɓa daidaita rumbun bayanai na waya (SQLite) da na saba (MySQL) ya san azabar. Yara biyu su sayar da bandir ɗaya daga sito ɗaya ba intanet, in sabis ya dawo cinikin wa za ka ɗauka? Na raba dare a kan wannan har idanuna suka fara ciwo. Shi kuwa a bakinsa sunan abin "ɗan gyara".

Ana cikin haka dala ta tashi. Mun yi ciniki tana wajen 460 a farashin gwamnati, da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta haura 700, farkon 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin saba da dala ake biya, kuma daga aljihuna yake fita duk wata.

Ranar da na je karɓar cikona ba zan manta da ita ba. Ya bar ni a kan benci tun azahar har aka yi la'asar, yana ganina, yana sallamar wasu. Da ya waiwayo, a gaban yaransa da baƙinsa ya ce: "To kai me ka kashe? Siminti ka saya ko rodi? Ba danne-danne ba ne?" Yana faɗar haka, yaron da ke gefensa yana fitar da rasit da manhajata, ƙaramar na'urar buga rasit ɗin nan tana ƙirrr, takarda na fitowa da tsarin da na zauna na daidaita layi-layi. Aka yi dariya. Na kasa cewa uffan. A cikin adaidaita hawaye suka zubo mini, ni da iyali, ga kuɗin haya ya ƙarato. Bayan nan ya kai ƙarata wurin abokin mahaifina wai na riƙe masa lambar sirri. Manya suka sa baki na miƙa. Ya ba ɗan ƙanwarsa, aka canza, aka daina ɗaga wayata. Har yau in na bi ta layin nan ƙirjina sai ya yi nauyi. Ban yafe ba, kuma shi ma ya sani.

Amma duk da haka kada ka kashe sabar ba sanarwa, kada kuma ka taɓa bayanansa. Lissafin dukiyarsa amana ce a hannunka, kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015, yana iya juya maganar ka koma kai ne mai laifi. Rubuta masa a WhatsApp cikin ladabi cewa daga rana kaza ka daina biyan kuɗin saba da yin gyara sai an cika maka. Fitar masa da bayanansa a Excel ka tura. Ƙarin da yake nema kuwa, ko maɓalli ɗaya ne, ka sa masa farashi.

Kod ɗinka, wato rubutun da ka gina manhajar da shi, ya zauna a rufaffen ma'aji na GitHub, shafin ajiye kod, kyauta ne tun 2019, ba ya fita sai kuɗi ya cika. In akwai manhajar waya, makullin sa hannunta, wanda sai da shi ake sabunta ta, shi ma haka. Kuma don Allah ku daina buɗe wa mutane saba da sunan shafi da katinku. Asusun Play Store dala 25 ne sau ɗaya, na Apple dala 99 duk shekara, wanda aka yi wa aikin ya biya da sunansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma mu masu gina manhaja ne. Ka faɗi farashi, wani ya bi ta baya ya karɓa a kwata, ya ɗauko samfurin shafi da aka riga aka shirya na WordPress ya liƙa. To ta yaya Alhaji zai yarda aikin nan yana da daraja? Shi ya sa na karkata Fiverr da Upwork, shafukan neman aiki ta intanet. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari, akwai ciwo, amma kuɗin yana ajiye kafin ka fara. Aikin gida kuwa yanzu rabi nake karɓa kafin in buɗe kwamfuta, ko ɗan uwana ne.

Saƙonnin muryar da ya turo maka kada ka goge ko ɗaya, da shaidar tura kuɗin farko. In ɗan kasuwa ne fara da shugabannin layinsu, kunyar idonsu ta fi takardar lauya saurin aiki. In ya ƙi, akwai kotun ƙananan basussuka a Kano da Legas, ba sai da lauya ba.

Ka gaya mana tukuna, sabar da sunan wa aka buɗe ta, kuma ka riga ka ba shi kod ɗin?