Amsa: me ya sa E. coli ɗaya ke zaune lafiya, wata kuma ke sa yaro zawo?

Ƴar'uwa, kin ce an gano kwayar bakteriya E. coli a kashin ɗanki a Maraɗi, alhali kowa na ɗauke da ita a hanji. Haka ne, amma E. coli iri-iri ce, kwayoyin halittar gadonsu ba ɗaya ba ne.

Irin da ake kira ETEC na ɗauke da wani ɗan zoben DNA, plasmid, mai umarnin haɗa dafi biyu, LT da ST. Su ke tilasta wa hanji zubo ruwa da gishiri, kashi ya fito tsululu, ba jini. EPEC kuwa da kwayar gado eae take manne wa bangon hanji, ta share ƴan gasun da ke tsotse abinci, jarirai ta fi kayarwa. Abin haushin, kwayoyin cutar na miƙa wa juna zoben nan, har da na jure magani. Shi ya sa kapson ƴan tebur yakan tashi a banza.

Ki dama SRO (garin gishiri da sukari na zawo), fakiti ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a zubar bayan awa 24. Zinc miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, rabi ga wanda bai kai wata 6 ba. Kar a tsaida nono. In kin ga jini ko ido ya faɗa, sai asibitin CSI nan take.