Ba Hallmark ne ya fara buga katin gaisuwa ba

Ka tambaya ko kamfanin Hallmark ne ya ƙirƙiro katin gaisuwa, kamar yadda aka gaya maka. A'a, ba shi ba ne. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa ya fito ne a Landan a 1843, lokacin da Henry Cole ya sa John Callcott Horsley ya zana masa shi, aka buga guda 1,000 ana sayar da kowanne sule guda, kuɗin da talaka ba zai ɓatar a kan takarda ba a wancan zamani. Shi kuwa Joyce Hall, wanda ya kafa Hallmark, sai a 1910 ya isa Kansas City a Amurka, yana ɗan shekara 18, da kwalayen takalmi biyu cike da katunan hoto.

Abin da ke ruɗin mutane, a ganina, shi ne tambarin kambin nan na Hallmark da ido ya saba gani a bayan kati. Wani mai sayar da tsofaffin littattafai ya taɓa rantse mini cewa katin da ke hannunsa ya girmi yaƙin duniya na farko, amma da na juya bayansa sai ga kambin, alhali sai a 1949 aka ƙirƙiro shi.