Tambayi Likita: Faɗuwar gaba ta hana ni sakat, dole sai asibitin ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya iyali. Dan Allah matsala ce ta ishe ni, an kusa shekara biyu ina fama da faɗuwar gaba, haka kawai ina zaune sai in ji zuciyata na bugawa kamar za ta fito, numfashi ya sarƙe, gumi, hannuna na rawa, wallahi har kalmar shahada nake yi don gani nake mutuwa ce ta zo, can anjima kuma sai ya lafa. Da daddare kuma tunani, in maigida ya yi dare sai raina ya ce hatsari ya yi, yara in suna makaranta ba ni da kwanciyar hankali sai sun dawo. Na je asibitin unguwarmu ba adadi, an ce olsa, an ce taifot, an yi min gwajin zuciya an ce lafiya ƙalau. Na ƙarshe likitan ya ce damuwa ce, ya rubuta min takarda wai in je asibitin ƙwaƙwalwa, ni kuwa gaskiya ba zan iya ba, me dangin mijina za su ce? Takardar na cikin jakata wata huɗu kenan. Yanzu mai kemis ne ke ba ni wata 'yar ƙaramar ƙwaya in sha in samu barci. Shin ba yadda za a yi a duba ni a asibitin da na saba zuwa?
Daga Maman yara uku, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya ya yaye miki. Eh akwai yadda za a yi, kuma a ganina ma nan ne ya kamata a fara. Abin da kika kwatanta ya yi kama sosai da ciwon firgici mai zuwa kwatsam, wanda yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya sauka, haɗe da ciwon fargaba mai yawo da mutum wuni guda. Ba hauka ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke da irin waɗannan cututtuka a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Amma ta wasiƙa ba a yanke hukunci, sai an zaunar da ke an duba hawan jini, yawan jini, suga, da kuma maƙoƙo, don in ƙwayar maƙogwaron nan tana aiki fiye da kima takan kawo bugun zuciya da rawar hannu sak irin naki. A tambaye ki ma goro nawa kike ci, shayi kofi nawa, don su ma suna tayar da shi.

Takardar da ke cikin jakarki ita ce ta fi tsaya min a rai. Haka muke yi kullum, mu rubuta wa mutum ya tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano ko Kware a Sakkwato ko Maiduguri, mu ɗauka mun gama namu, alhali da yawa ba sa zuwa, ga kunya ga kuɗin mota ga nisa, kuma babu wanda zai sake tambaya ko an je. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, ko kowa ya yarda ya je ba za su iya ganin kowa ba.

Wannan matsalar ce ta sa wasu likitoci a Jami'ar Washinton da ke Siyatil a Amurka, ƙarƙashin Wayne Katon, suka ɓullo da tsarin kulawar haɗin gwiwa tun shekarun 1990. Mara lafiya yana nan a asibitinsa, da katinsa da likitansa da ya saba. Sai a ƙara mutum biyu. Na farko mai bibiya, yawanci nas ce ko wani ma'aikacin lafiya da aka horar, ita za ta zauna da ke ta yi miki bayanin ciwon, ta koya miki dabaru, ta kira ki a waya ta ji ko kina shan magani ko ya dame ki, in ranar dawowarki ta wuce ba ki zo ba ita za ta neme ki. Na biyu likitan ƙwaƙwalwa, wanda wataƙila ba za ki taɓa ganin fuskarsa ba, shi aikinsa duk sati ya zauna da mai bibiyar nan ko ta waya su bi rijista suna bayan suna, wa ya samu sauƙi wa bai samu ba, wanda bai samu ba me za a canza masa. Sai wanda abin ya gagara ne ake cewa ya zo da kansa.

Kuma ba da ka ake aunawa ba. Akwai wata takarda mai tambayoyi 7 da ake kira GAD-7, ana tambayar yadda sati biyun da suka wuce suka kasance, maki daga 0 zuwa 21, daga 10 zuwa sama alama ce ana buƙatar kulawa. Duk zuwa ana maimaitawa, in an yi makonni maki bai sauka ba to a canza hanya, ba wai a ci gaba da rubuta abu ɗaya shekara da shekaru ba.

An gwada shi a kan masu fargaba. A wani bincike da aka fitar a 2010 a Amurka mai suna CALM, mutum 1,004 a ƙananan asibitoci 17, aka bar kowa ya zaɓa ko magani ko zaman koyon dabaru ko duka biyu, bayan shekara guda kusan 64 cikin 100 na masu wannan tsarin sun samu sauƙi sosai, waɗanda aka bari a kan yadda aka saba kuma kusan 45.

Ke yanzu ga abin da nake so ki yi. Ki koma wajen likitan nan da ya gane ciwon, ki faɗa masa gaskiya ba ki je ba kuma ga dalili, ki roƙe shi ya fara miki magani nan, ya haɗa ki da nas ɗaya da za ki riƙa gani, ya kuma tuntuɓi likitan ƙwaƙwalwa a madadinki. Magungunan da ake farawa da su irin su fulokzetin da satralin ba sa bugarwa, amma ba sa aiki nan take, sai an yi sati biyu zuwa shida, wani lokacin ma satin farko fargabar kan ɗan ƙaru, a nan ne mutane ke jefar da magani su ce bai karɓe su ba, kuma a daidai nan ne kiran wayar mai bibiya ke da amfani. In an samu sauƙi ana ci gaba da sha wata 6 zuwa 12, a rage a hankali. In kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa tun farko.

Ƙwayar mai kemis kuwa, ki tafi da kwalinta asibiti. In irin su Valium ce ko Lexotan, suna kwantar da hankali cikin minti kaɗan shi ya sa ake son su, amma jiki na sabawa da su har ya zama ba a iya barci sai da su, kuma ba sa warkar da ciwon. Kada ki daina rana ɗaya in kin daɗe kina sha, hakan na da haɗari, likita ne zai tsara miki ragewa.

Maigida ma a sa shi a ciki in kin yarda, ya zo ya ji bayani da kunnensa. Addu'a da azkar kuma ki riƙe su, babu inda suka ci karo da magani. Amma in kika ji ciwon ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko kika suma, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa miki, wannan kam ranar za ki je asibiti ba jira.

TAMBAYA: Salam Likita, ni ma'aikacin lafiya ne a wani asibitin sha-ka-tafi a ƙauye, mu uku ne kacal, muna ganin masu irin wannan faɗuwar gaban sosai amma ba mu da likita balle na ƙwaƙwalwa. Irin wannan tsarin ai sai Turai ko?
Daga wani mai karatu, jihar Jigawa.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. A'a, ba sai Turai ba. A jihar Gowa ta Indiya, binciken MANAS na Vikram Patel da aka fitar a 2010 mutanen gari aka horar suka zama masu bibiya ga masu baƙin ciki da fargaba, kuma a asibitocin gwamnati ne ma aka fi ganin amfaninsa. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar suna zama da mutane a kan benci a harabar asibiti, zama shida na warware matsala, sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna sun fi waɗanda aka bari a kan kulawar da aka saba samun sauƙi. A nan gida Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya yi shekaru yana gwada irin wannan da ma'aikata irinku, har a 2020 suka fitar da wani aiki da aka yi a Ibadan da Kumasi inda ma'aikatan lafiya suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini, shi dai a kan masu taɓin hankali mai tsanani ne ba fargaba ba, amma ya nuna haɗin na yiwuwa. Ni ina ganin wannan ya shafe mu kai tsaye, don mai faɗuwar gaba a ƙauyenku kafin ya zo wajenka ya riga ya je wajen malam an yi masa ruƙya, to malamin nan gara ka san shi ku gaisa, ya san alamomin da zai ce wa mutum je ka asibiti.

Ka nemi littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, jagora ne kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, don irinku aka rubuta shi, kyauta ne a intanet, kuma a 2023 an ƙara masa shawarwari kan fargaba. Ka tambayi hukumar lafiya matakin farko ta jiharku ko akwai horon. Kafin nan ka samu littafi ɗaya mai layi, suna, lambar waya, ranar zuwa, makin GAD-7, ranar dawowa, ɗaya daga cikinku ya ɗauki nauyinsa shi kaɗai, don abin da aka ce na kowa ne ba mai yi. Ka koya musu numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, ka kuma nuna musu cewa gudun kasuwa ko shiga mota saboda tsoron abin ya tashi ƙara masa ƙarfi yake, komawa ake yi kaɗan-kaɗan. Sai ka nemi likita ɗaya a babban asibitin da ya fi kusa da ku, ko nas ɗin ƙwaƙwalwa, wanda zai yarda ku yi waya ko da sau biyu a wata ku bi sunayen waɗanda makinsu ya ƙi sauka. Rubuta magani kuma ka tsaya iya inda horonka da ƙa'idar aikinka suka ba ka dama, mai ciki da yaro da mai maganar kashe kansa ka tura su gaba a ranar, ka kuma kira washegari ka ji ko sun isa.