Na yi kwanon ado da fata sau uku, ya ƙi tsayawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni mai ɗinkin jakunkuna ce a Tudun Wada, Gombe. Na ga wasu kwanuka na ado da aka yi da fata zalla, ba ƙarfe a ciki, ana zuba dabino ko alawa a ajiye a falo, sai na yi sha'awar in riƙa sa su cikin kayan ɗakin amare. Na sayi fata wurin masu takalma, na jiƙa ta, na kifa kwanon ƙarfe na lulluɓa ta a kai har kwana biyu. Biyun farko da na cire sai suka baje kamar faifai. Na ukun na yi shi da fatar akuya jimar gida, ya ɗan tsaya, amma bakinsa duk ya tattare, cikinsa kuma ya yi baƙin tabo. Wata ta ce mini sai an dafa fatar. Ina kuskuren yake?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa sana'a albarka. Hannunki ba shi da laifi, don yadda kika bi aikin haka ake binsa, in ban da kwanon ƙarfen da zan zo kansa. Tun a wurin saye aka kayar da ke, kuma ko ni da na tsufa cikin dukanci a nan Bauchi, in kika ba ni fatar da kika yi biyun farko da ita, faifan zan mayar miki.

Jima iri biyu ce. Akwai tamu ta gado, wadda majema ke yi da bagaruwa: a cire gashi, a kankare nama, a tsoma fata cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa ana juyawa har ta ratsa ta. Abin da ke yin aikin shi ne baurin nan da kike ji a harshe in kin tauna bagaruwa, ɗan'uwan wanda ke cikin ganyen shayi. Akwai kuma jimar kamfani, wadda ake yi da wani sinadari da ake kira gishirin kurom, wadda ta bazu a duniya tun ƙarshen ƙarni na 19 saboda sauri, kuma ita ce mafi yawan fatar da ake yin saman takalmi da kujeru da jakunkuna da ita yau. Ba ta shan ruwa sosai, ba ta kuma sandarewa in ta bushe. Abin da ya sa ta yi kyau a ƙafa shi ne ya sa ba ta yin kwano. Fatar bagaruwa kuwa tana shan ruwa ta yi laushi kamar ƙullin fulawa, zaruruwan cikinta su saki, a tanƙwara ta yadda ake so, in ta bushe sai ta ƙage a nan. Duk sirrin kwanon fata ke nan.

Gane su ba wuya. Ki yanki gefe ki dubi cikin yankan. In kin ga toka-toka mai ratsin shuɗi, ta kamfani ce. In kin ga ruwan ƙasa ko launin madarar shayi tun daga sama har ƙasa, ta bagaruwa ce. Ki ɗiga mata ruwa: ta bagaruwa za ta shanye nan take wurin ya yi duhu. Ki kuma yi hattara, da yawa daga abin da ake kira fata a shagunan kayan takalma leda ce aka manna a kan yadi, ba ta taɓa zama jikin dabba ba.

To, ko a cikin ta bagaruwar ma akwai zaɓi. Fatar akuya ba ta cika wuce kaurin milimita 1 ba. Tana da kyau, kuma jar akuyar Sakkwato ce ta yi suna har Turai da sunan fatar Maroko, tun zamanin da ake ƙetara hamada da ita, amma kyanta na sutura ne, ba ta da ƙashin tsayuwa. Kwano yana son ƙirgin saniya mai kaurin milimita 3 zuwa 4. Ki nemi wajen kafaɗa ko gadon baya. Wajen ciki yana miƙewa da sauƙi, har ki ji daɗin aikin, amma sako-sako ne, bayan wata biyu sai ki ga bakin kwano ya langaɓe. Na san ƙirgi ya yi tsada, don mu da masu cin ganda muke rububinsa tun daga kwata. Idan bai samu ba, ki haɗa fatar akuya biyu ko uku, zan zo kan wannan.

Abu ɗaya da za ki roƙi majemi: ya ba ki fata kafin ya shafa mata mai ya murje ta. Su a wurinsu kyan jima shi ne taushi, shi ya sa suke bi da man gyaɗa suna buga ta suna ja. Ke kuma taurin kike nema. Ki ce masa kwano za ki yi, ki bar masa kafin alƙalami, zai ware miki.

Baƙin tabon nan kuma kwanon ƙarfenki ne ya yi shi. Duk inda baurin bagaruwa ya haɗu da ƙarfe da laima, baƙi ne ke fita, kuma ba ya wankuwa. Da wannan ne ma dukawa suke samun baƙin rini, kuloko, daga kashin maƙera. Kin yi rini ne ba ki sani ba. Ki yi amfani da akushi, ko ƙwarya mai kauri, ko tangaran, ko roba mai tauri. Ni na fi son akushi, don ba ya motsi in ana ja. Ko wanne ne, ki lulluɓe shi da farar leda tukuna. Ki cire zobe, ki yanke farce, domin jiƙaƙƙiyar fata ba ta manta abin da ya taɓa ta.

Yanzu maganar tattarewar baki, wadda ita ce ke sa mutane da yawa su haƙura da aikin. Lissafi ne kawai. A ce kina son kwano mai faɗin baki santimita 20 da zurfi 10, wato rabin ƙwallo. Fatar da za ta rufe shi daga baki zuwa baki sai ta kai kusan santimita 31, kewayenta kusan 99. Amma kewayen bakin kwanon 63 ne. Ina rarar 36 ɗin za ta je? Ita ce ta tattare miki. In kuwa kika rage zurfin zuwa santimita 5, fatar da ake bukata 23 ce da ɗoriya, kewayenta kusan 73, rarar 10 kacal, kuma wannan fata tana iya haɗiye ta in an lallaɓa. Saboda haka ki fara da mai kama da kasko. Zurfi kada ya wuce rubu'in faɗi har sai hannunki ya faɗa.

Ki yanke da'ira, ki bar rarar yatsa uku bayan inda baki zai tsaya. Ki tsoma a ruwa mai ɗumin da za ki yi wa jariri wanka da shi. Za ki ga ƙananan kumfa na tasowa, iska ce ke fita. In sun daina, wajen minti 15 zuwa 20 ga ƙirgi, ki tsame. Kada ki hau aiki nan take. Ki naɗe ta a leda ki ajiye awa biyu ko uku, ko ta kwana, ruwan ya daidaita a cikinta. Wannan jiran mutane ke tsallakewa, alhali bambancinsa a hannu ake ji.

Ki kifa akushi, ki ɗora fata. Fuskar da gashi ya fita ita ce mai sheƙi, ki yanke shawara tun yanzu ko waje za ta kalla ko ciki. Kwanon da za a ajiye a kan tebur cikinsa ake gani, don haka ni ina sa fuskar ta kwanta a jikin akushin. Ki danne tsakiya da tafin hannu, ki ja gabas da yamma, sannan kudu da arewa, sannan tsakankaninsu. Kada ki bi zagaye, don in kin bi zagaye duk rarar za ta taru miki wuri ɗaya. Ki ɗauki kwalba mai santsi kina shafawa daga gindi zuwa baki, kina koro tattarar ƙasa, ƙasa, har ta wuce layin da za ki yanke. Babbar ninka ɗaya ki raba ta biyu, biyun ki raba su huɗu, har su zama ƙanana su ɓace. Sai ki ɗaure ƙasan layin da robar tayar keke. In kina da wani kwano da ya ɗan fi akushin girma, ki kifa shi a sama ki ɗora dutse. Awa biyun farko ki riƙa dawowa duk bayan rabin awa, ki buɗe ki sake shafawa, domin lokacin da ta fara tsanewa ne ta fi jin magana. Kafin ta bushe ki danna gindin da katako mai shafe, in ba haka ba kwanon zai riƙa rawa a kan tebur.

A inuwa za ta bushe, inda iska ke ratsawa. Da hunturu kwana ɗaya ya isa, wani lokaci ma sai kin rufa mata yadi don kada baki ya riga gindi bushewa ya murɗe. Da damina ki ba ta kwana uku, kina duba fumfuna. Rana kai tsaye tana sa fatar bagaruwa duhu, gefen da ya kalle ta ya fi ɗayan.

Mai cewa a dafa fata ba ta yi ƙarya ba, rabin magana ta ji. Turawan zamanin da sun yi akwatuna da sulke da fatar da aka taurara da zafi. Fatar bagaruwa tana fara tsukewa ne in zafin ruwa ya kai wajen digiri 75 zuwa 85, ta yi duhu, ta ƙara kauri, in ta bushe ta yi tauri kamar katako. Amma tsakanin tauri da lalacewa daƙiƙu ne. Ina saurayi na jefa ƙirgi mai kyau cikin tafasasshen ruwa, kafin in nemo abin tsamewa ya ƙanƙance ya nannaɗe kamar ganda, da ya bushe na matsa shi ya tsage. Mahaifina bai ce mini komai ba, ya dai rataye shi a ƙofar rumfa har shekara ta zagayo. In kina son gwadawa, ki bari sai kin yi kwano goma da ruwan ɗumi. Sannan ki ɗora ruwa, in ƙananan kumfa sun fara taruwa a gindin tukunya bai kai ga tafasa ba ki sauke, ki gwada da ƙyalle daga fatar da za ki yi aikin da ita, ki ga daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya fara duhu. A ganina kwanon dabino bai bukatar wannan kasadar.

Hanyar da ta fi aminci ita ce kakin zuma. Yana narkewa tun a wajen digiri 63, bai kai zafin da ke ƙona fata ba. Bayan kwano ya bushe ƙarau kin yanke baki, ki ɗan ɗumama shi, ki shafa narkakken kaki da tsumma, ya shige, ki goge rarar. Zai ƙara tauri, ya yi duhu kamar zuma, ya kuma rage shan laima. Mai kuwa, na gyaɗa ne ko na shanu, kada ya kusance shi, zai mayar miki da shi jaka. Duk rini da zane a gama su kafin kaki, don bayan kaki fata ba ta karɓar launi.

Wajen ado ba sai kin kwaikwayi hoton da kika gani ba. Karan dafi yana nan don ja, kuloko don baƙi, gangamau don rawaya. Bugun zane ana yinsa ne lokacin da fata ta fara komawa launinta amma tana da sauran sanyi a hannu. In fuskar na waje, ki buga tana kan akushi. In tana ciki, ki zare kwanon a hankali, ki tallafe bayansa da buhun yashi ki buga, ki mayar. Baki kuma nan ne fatar akuya ke da rana: ki yanko jar fata siririya ki naɗe bakin, ki huda da basilla ki ɗinke, kamar yadda ake yi wa kube. Yana ɓoye yankan da bai miƙe ba, yana kuma riƙe da'irar. Dagi ɗaya a tsakiyar gindi ya fi zane goma a warwatse.

Haɗin fatar akuya da na ambata: ki tsara kowace a kan akushi ɗaya, ta biyu a kan ta farko, da leda a tsakani, su bushe tare. Ki raba su, ki shafa gam na masu takalma a gefen nama na kowace, ki haɗa baya da baya. Sai dai ta waje dole ki tsara ta fuska a sama, ta ciki fuska a ƙasa. Kwanon zai fito da sheƙi ciki da waje, ja a ciki baƙi a waje in kin so, kuma yakan fi na ƙirgi ɗaukar ido.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tandun kwallin kakarki da battar da tsofaffi ke zuba taba haka aka yi su, sai dai da ɗanyar fata: a gina siffar da yumɓu, a lulluɓe da jiƙaƙƙiyar fata, in ta bushe a farfasa yumɓun a zazzage. In wata rana aka nemi ki yi abu mai ƙaramin baki da babban ciki, wanda akushi ba zai fita daga cikinsa ba, dabarar yumɓun ce mafita.

Ki gaya wa masu saye gaskiya: na busassun kaya ne, dabino, alawa mai takarda, carbi, makulli, kwalaben turare. Ba a zuba jiƙaƙƙen goro, ba a wanke shi, ba a sa garwashi. Biyun da suka baje ki yanka su ki yi hannun jaka. Na ukun kada ki yar. Ki sake jiƙa shi, ki tsara shi a kan ƙwarya marar zurfi, tabon kuma ki bi cikin gaba ɗaya da kuloko ya zama baƙi, ki naɗe bakin da ja.